Kenneth Dike: Shugaban jami'ar da ya buɗe ƙofar digirin digirgir a Najeriya

A shekarar 1964 wasu ɗalibai biyu a sashen tarihi na Jami'ar Ibadan suka kammala kundayensu na digirin digirgir. Ɗaya shi ne Adiele Afigbo, wanda ya bibiyi labarin sarakunan da Turawan mulkin mallaka suka naɗa da takardar izini a ƙasar Igbo. Ɗayan kuwa wani matashi ne ɗan Ingila, Murray Last, wanda ya tare a Sakkwato yana bin littattafai da wasiƙun da ke hannun Waziri Junaidu, har ya fitar da tarihin Daular Usmaniyya daga alƙaluman mutanenta. Su biyun suna cikin rukunin farko da wata jami'a ta Najeriya ta ba wannan digiri da sunanta da hatiminta, ba tare da an nemi sa hannun Landan ba. Wanda ke riƙe da ragamar jami'ar a lokacin, wanda kuma ya shafe fiye da shekara goma yana share fagen zuwan wannan rana, shi ne Farfesa Kenneth Onwuka Dike.

A yau da jami'o'in ƙasar nan suka haura ɗari biyu, kuma kusan kowace babbar jami'a tana da makarantar karatun gaba da digirin farko, abu ne mai sauƙi matashi ya ɗauka haka aka tashi aka tarar. Amma an yi zamanin da duk ɗan Najeriyar da ke son kai wa ƙololuwar karatun boko sai ya hau jirgin ruwa zuwa Ingila, ya yi nazarin ƙasarsa a ƙarƙashin malamin da galibi bai taɓa taka ta ba. Dike na cikin waɗanda suka bi wannan hanya, kuma mafi yawan aikin rayuwarsa ya tafi ne wajen ganin na bayansa ba su zama dole su bi ta ba.

An haife shi a ranar 17 ga Disamba, 1917, a garin Awka, wanda yanzu shi ne babban birnin Jihar Anambra. Awka gari ne da ya shahara da maƙera masu yawo, waɗanda kan ɗauki zugazugi da guduma su bi garuruwa har bakin teku suna sana'a, su komo gida da dukiya da labarin ƙasashen da suka gani. Iyayensa sun rasu tun yana ƙarami, ya tashi maraya a hannun kakansa da yayansa. Bayan firamare ya shiga makarantar Dennis Memorial ta 'yan mishan a Anacha, daga nan ya wuce Kwalejin Achimota a ƙasar da ake kira Gana yanzu, sannan Kwalejin Fourah Bay a Saliyo. Wannan zagaye kaɗai ya isa ya nuna halin da ake ciki. A duk faɗin Najeriya babu inda ake ba da digiri, kuma wanda ya samo a Saliyon ma na Jami'ar Durham ta Ingila ne, domin a ƙarƙashinta Fourah Bay take. Ya ci gaba zuwa Jami'ar Aberdeen a Sikotilan ya karanta tarihi, ya gama a 1947, sannan ya shiga King's College ta Jami'ar Landan, inda ya samu digirin digirgir a 1950.

Fannin da ya shiga a Landan shi ne tarihin daular Birtaniya. A wannan fanni, idan an ambaci Afirka, labarin Turawan da suka je can ake nufi: wane gwamna ya yi me, wane ɗan mishan ya sauka ina, wace yarjejeniya aka sa wa hannu a wace shekara. Mutanen ƙasa kuwa suna tsaye a bayan fage kamar itatuwan jeji. Hujjar malaman ita ce tarihi ba ya tabbata sai da rubutacciyar shaida, su kuma sun ɗauka Afirka ta kudu da Sahara ba ta da rubutu. Duk wanda ya san tarin littattafan malaman Timbuktu da Barno da Katsina da Sakkwato ya san girman wannan kuskure, amma a wancan zamani wannan ra'ayi ne ke da kujera a manyan jami'o'in Turai.

Dike bai tsaya jayayya da baki ba, sai ya zaɓi yankin Neja Delta ya yi aiki a kansa. Ya ɗauki takardun da Turawan da kansu suka bari, wato rahotannin jakadun Birtaniya da wasiƙun 'yan kasuwar Liverpool, ya karanta su da wata tambaya dabam: me mutanen Bonny da Brass da Kalabari da Kalaba suke so, kuma yaya suka tafiyar da lamarinsu? Ya haɗa da abin da dattawan yankin suka riƙe da ka. Abin da ya fito shi ne labarin garuruwa masu sarauta da tsarin ciniki, waɗanda bayan Birtaniya ta haramta cinikin bayi a 1807 suka juya zuwa cinikin manja, wanda masana'antun Ingila ke buƙata don sabulu da kyandir da man shafa wa injuna. Sarakunan gaɓar teku ne ke riƙe da ƙofa. Bature yana zaune a jirginsa, yana biyan kuɗin fito, yana ba da kaya bashi yana jiran a kawo masa manja daga kasuwannin cikin ƙasa da ba a yarda ya taka ba. A cikin manyan gidajen ciniki na Bonny, bawa mai hazaƙa kan iya hawa har ya shugabanci gida, kamar yadda Jaja ya yi kafin ya ɓalle ya kafa Opobo.

Sannan ya nuna yadda wannan ƙofa ta karye. Jakadan Birtaniya John Beecroft ya sa hannu wajen tuɓe Sarki William Dappa Pepple na Bonny a 1854. A shekarar kuma jirgin Dakta Baikie ya hau Kwara da Binuwai ya komo ba a rasa rai ko ɗaya ba, saboda maganin kwinin da suka riƙa sha, abin da ya tabbatar wa Turawa cewa zazzaɓi ba zai ƙara tsare su a bakin teku ba. Daga nan jiragen tururi suka fara wuce dillalan gaɓa suna shiga ciki. Kundin ya fito a matsayin littafi a 1956 daga maɗaba'ar Jami'ar Oxford, da sunan Trade and Politics in the Niger Delta, 1830–1885, kuma har yau da shi ake fara lissafi idan ana maganar sabon salon rubuta tarihin Afirka. Tun kafin fitowarsa, a 1953, Dike ya riga ya mayar wa Margery Perham ta Oxford martani a mujallar West Africa, yana mai nuna cewa al'ummar da aka raba da tarihinta an raba ta da hujjar neman mulkin kanta.

Ya dawo gida a 1950 ya kama koyarwa a Kwalejin Jami'a ta Ibadan. An buɗe kwalejin ne a Janairun 1948 da ɗalibai 104 da aka kwaso daga Babbar Kwalejin Yaba, kuma tana ɗaure da Jami'ar Landan da wata alaƙa ta musamman: sai Landan ta amince da manhaja, da ita ake tsara jarrabawa, kuma digirin da ɗalibi zai karɓa nata ne. Tsarin yana da amfaninsa, domin babu wanda ya isa ya raina takardar ɗan Ibadan a ko'ina a duniya. Illarsa ita ce ɗalibin tarihi yakan fi sanin sarakunan Ingila fiye da Alafin na Oyo ko Shehun Barno. Dike ya shiga fafutukar shigar da tarihin Afirka cikin manhaja, nan take kuma ya ci karo da tambayar da ba ta da amsa mai sauƙi: da waɗanne littattafai za a koyar? Ba a rubuta su ba tukuna. Wa zai rubuta su? Masu bincike, waɗanda su ma ba a horar da su ba. Da me za su yi binciken? Da takardun da ke warwatse a ofisoshin razdan da na di'o, gara da ɗanshi suna ci.

Daga wannan tambaya ta ƙarshe ya fara, kuma a nan ne hangen nesansa ya fi bayyana. A farkon shekarun 1950 gwamnati ta ɗora masa aikin zagaya ƙasa ya duba halin da tsofaffin takardun hukuma da na 'yan mishan da na kamfanoni suke ciki. Rahoton da ya rubuta shi ya haifar da ofishin adana takardu a 1954, da shi a matsayin mai kula da shi, sannan dokar 1957 ta ba ofishin ƙafa ya zama Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa, da hedikwata a harabar kwalejin Ibadan da rassa a Inugu da Kaduna. Aiki ne mara ƙyalƙyali, na kwashe fayiloli masu ƙura da jera su da ba su lamba, irin wanda matashin malami mai neman suna kan guje wa. Amma duk wanda ya taɓa rubuta kundi a kan wata masarauta ta Arewa ya san darajar reshen Kaduna: rahotannin kimanta haraji na gundumomi, bayanan larduna, wasiƙun sarakuna da Larabci da ajami. Haruffa ukun nan, NAK, da ke cike ƙasan shafukan kundayen tarihi daga Sakkwato har Maiduguri, a wannan ginin suke nuni. Abin takaici ne cewa masu bincike sun daɗe suna kukan yadda rashin kuɗi ke barin waɗannan takardu suna ruɓewa a karo na biyu, a cikin gidan da aka gina don ceton su. Dike ya kuma shugabanci hukumar kula da kayayyakin tarihi ta ƙasa na tsawon shekaru.

Bayan takardu sai dandalin da masu bincike za su haɗu su yi wa juna gyara. A 1955 aka kafa Ƙungiyar Masana Tarihi ta Najeriya, shi ne shugabanta na farko, a 1956 kuma mujallarta ta fara fitowa. A wannan shekarar ce ya zama farfesa kuma shugaban sashen tarihi, kuma a cikinta ya ƙaddamar da shirin binciken tarihin Masarautar Benin, inda ya haɗa masanin tarihi da masanin al'adu da masanin zane-zane a kan aiki ɗaya, yayin da Saburi Biobaku ke jan irin wannan shiri a kan ƙasar Yarabawa.

Arewa ta shigo lissafinsa ta hannun wani malami ɗan Ingila da ya koyar a Sudan kafin ya zo Ibadan a 1955, H.F.C. Smith, wanda daga baya ya musulunta aka san shi da Abdullahi Smith. Smith ya dage cewa jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da takwarorinsa na ƙarni na 19 babban babi ne da masana suka yi sakaci da shi, kuma ba za a fahimce shi ba sai an koma ga abin da Shehu da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello suka rubuta da hannunsu. Dike ya ba wannan ra'ayi wuri da kuɗi. Ɗakin karatu na Ibadan ya riƙa tara rubuce-rubucen Larabci da hotunansu, aka buɗe sashen Larabci da nazarin addinin Musulunci, aka kafa cibiyar adana rubuce-rubucen Larabci a 1964, aka kuma tsara shirin binciken tarihin Arewa, wanda daga baya ya tare a Zariya. Ga ɗan Igbo Kirista, a jami'ar da ke tsakiyar ƙasar Yarabawa, yana nemo kuɗin da za a ceto littattafan malaman Sakkwato da Barno. Irin Najeriyar da mutanen wancan zango suka yi fatan ginawa ke nan.

Ana dab da samun 'yancin kai, a 1959, gwamnatin tarayya ta kafa kwamitin da zai hango buƙatun ƙasar na ilimi mai zurfi na shekara ashirin masu zuwa, ƙarƙashin Sir Eric Ashby. Mutum tara ne: uku daga Birtaniya, uku daga Amurka, uku daga Najeriya. 'Yan Najeriyar su ne Dike, da Shettima Kashim Ibrahim na Barno, da Dakta Sanya Onabamiro. Rahoton da suka miƙa a Satumban 1960 ya ɗauki ilimi a matsayin jarin da ƙasa ke zubawa don ta ci riba gobe. Ya ba da shawarar a samu jami'o'i huɗu, a kai yawan ɗalibai 7,500 kafin 1970, a faɗaɗa fannoni zuwa noma da injiniyanci da kasuwanci da horar da malamai, a kuma kafa hukumar da za ta daidaita al'amuran jami'o'i. Yankin Yamma bai gamsu da a ce Ibadan ta ishe shi ba, don haka jami'o'in suka zama biyar. Nsukka ta buɗe a 1960, sannan a 1962 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da ta Ife da ta Legas suka biyo baya, a shekarar kuma aka kafa Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC.

A 1960 ɗin ne aka naɗa Dike shugaban kwalejin Ibadan, ɗan Najeriya na farko bayan Turawa uku, Mellanby da Saunders da Parry. Ɗalibai a lokacin sun ɗan haura dubu ɗaya. A ƙarshen 1962 majalisar tarayya ta zartar da dokar da ta yanke cibiyar kwalejin daga Landan ta zama cikakkiyar Jami'ar Ibadan, Dike ya zama shugabanta na farko, Firaminista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma ya zama uban jami'ar.

A nan ne ya yi zaɓin da ya bambanta shi. Shugaban jami'a a sabuwar ƙasa yana iya zuba duk ƙarfinsa a kan yawan masu digirin farko, domin ma'aikatu suna jiran waɗanda za su gaji kujerun Turawa, 'yan siyasa kuma adadi suke so su gani. Dike ya ƙara yawan ɗalibai, amma idonsa yana kan wata matsala da ke bayan wannan. Sabbin jami'o'i huɗu sun tashi kusan lokaci guda, kowacce tana neman malamai, kuma daga rijiya ɗaya ake ɗiba. Shugaban Jami'ar Ahmadu Bello na farko, Norman Alexander, farfesan kimiyyar lissafi da ƙarfi ne a Ibadan. Na Legas, Eni Njoku, farfesan ilimin tsirrai ne a Ibadan. Na Ife, Oladele Ajose, daga tsangayar likitancin Ibadan ya fito. Smith kansa ya koma Zariya a 1962 ya kafa sashen tarihi. Sauran guraben kuwa baƙi ne ke cike su, masu zuwa da kwantiragin 'yan shekaru su koma gida. Jami'ar da ba ta iya haifar malamanta za ta dawwama tana aro, kuma wanda ke ba da aron shi ke yanke abin da ya cancanci a bincika. Saboda haka ya sa Ibadan ta ɗauki nauyin zama gidan da ake horar da malaman sauran jami'o'in.

Ba a yin haka da sanarwa kawai. Karatun digirin digirgir yana buƙatar malamin da shi kansa mai bincike ne, da ɗakin karatu ko ɗakin gwaji mai kaya, da tallafin da zai riƙe ɗalibi shekara uku ko huɗu alhali gwamnati da kamfanoni suna yi masa tayin aiki da mota, da mai jarrabawa daga waje wanda zai tabbatar ba a yi sassauci ba, da inda za a buga sakamakon. Dike ya bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya. Ya yi amfani da sunan da ya yi a waje ya jawo tallafin gidauniyoyin Ford da Rockefeller na Amurka don gine-gine da kayan aiki da horar da matasan malamai. Ya kafa Cibiyar Nazarin Afirka a 1962 ya zama daraktanta na farko. Ya kuma ƙulla da kamfanin ɗab'i na Longmans aka fara jerin littattafan tarihi na Ibadan, da shi a matsayin babban edita, domin kada kundi ya ƙare a kan kanta yana shan ƙura. Littafin J.F. Ade Ajayi a kan 'yan mishan ya fito a jerin a 1965, na Murray Last a kan Daular Sakkwato a 1967, na R.A. Adeleye a kan mulki da diflomasiyya a Arewa daga 1804 zuwa 1906 a 1971, na Afigbo a 1972. Cikin shekara goma sha biyar, malamin da bai da littafin da zai koyar da shi ya samu kanta guda.

A Disambar 1962 shi ya shugabanci babban taron farko na masana nazarin Afirka na duniya a birnin Accra, wanda Kwame Nkrumah ya buɗe. Shekara guda bayan haka farfesan tarihi na Oxford, Hugh Trevor-Roper, ya sake nanata a bainar jama'a cewa Afirka ba ta da tarihin da za a koyar in ban da na Turawan da ke cikinta. A lokacin da yake faɗin haka, ɗaliban Ibadan suna kan rubuta babin ƙarshe na kundayensu.

Ba kowa ne ya gamsu da tafiyarsa ba, kuma wasu ƙorafe-ƙorafen suna da tushe. An zargi Ibadan da zama tsibirin 'yan gata, mai tsananta sharuɗɗan shiga, mai kwaikwayon Oxford a ɗakunan kwana da teburin cin abinci, a ƙasar da yawancin yara ba su ga ƙofar sakandare ba. Nsukka, wadda Dakta Nnamdi Azikiwe ya kafa a kan salon Amurka, ta fara ba da digirinta tun daga farko, ta kuma rungumi fannonin sana'a da 'yan Ibadan ke yi wa kallon raini. 'Yan Arewa a Ibadan kuwa ba su da yawa, saboda ƙarancin makarantun sakandare a yankin, ko da yake 'yan kaɗan ɗin da suka shiga sun yi fice, irin su Adamu Ciroma da ya karanta tarihi da Jibril Aminu da ya karanta likitanci. Dike ya tsaya a kan cewa idan aka sassauta ma'auni a shekarun farko na rabuwa da Landan, duniya za ta ce da ma sunan Landan ne ke riƙe da su. Ana iya cewa ya yi daidai a kan ma'auni, amma tambayar wa zai samu shiga ta fi ƙarfin jami'a ɗaya.

Siyasar ƙabilanci ce ta kawo ƙarshen zamansa. A 1965 rikici ya ɓarke a Jami'ar Legas lokacin da aka ƙi sabunta wa'adin Eni Njoku aka naɗa Biobaku, malamai da ɗalibai suka rabu gida biyu, Igbo da Yarabawa. A Ibadan ma saɓanin da ke tsakanin Dike da magatakardan jami'ar ya ɗauki wannan launi, ana zarginsa da fifita 'yan ƙabilarsa, magoya bayansa suna cewa cancanta yake bi. Sai juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966, wanda ya ci rayukan Tafawa Ɓalewa, uban jami'ar, da Sardaunan Sakkwato da Akintola da manyan hafsoshi. Sai juyin mulkin Yuli, da kashe-kashen da suka rutsa da dubban 'yan Gabas a garuruwan Arewa. Malamai da ɗalibai 'yan Igbo suka kwashe kayansu daga Ibadan. Kafin shekarar ta ƙare Dike ya bi su, a 1967 kuma ya rabu da kujerarsa.

A lokacin yaƙin basasa ya tsaya tare da Biyafara, ya zama ɗaya daga cikin jakadunta masu zagaya ƙasashe suna neman goyon baya. Masu yabonsa kan gitta wannan babi da sauri, amma yana cikin tarihinsa, kuma shi da ya koyar da cewa ba a ɓoye takarda ba zai so a ɓoye ta ba. Mutumin da ya tara wa Najeriya takardunta wuri ɗaya ya shafe kusan shekara uku yana amfani da ƙimarsa wajen neman a raba ta. Ga wanda ya rasa ɗan'uwa a fagen daga a ɓangaren tarayya, wannan abu ne mai nauyi. Ga wanda ya ga gawarwaki da 'yan gudun hijirar da jiragen ƙasa suka sauke a Inugu a 1966, zaɓin bai zo da mamaki ba.

Abin da ya dasa ya ci gaba ba tare da shi ba. Ibadan ta buɗe reshe a Jos a 1971, da gwamnatin tarayya ta kafa sabbin jami'o'i da kwalejojin jami'a bakwai a 1975, a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos da Ilorin da Kalaba da Fatakwal, da yawa daga cikin malaman da suka buɗe sassansu masu digirin Ibadan ne ko na Zariya, kuma Jibril Aminu ne ke riƙe da NUC a lokacin. A Zariya, ɗaliban Abdullahi Smith suka fara fitar da nasu kundayen: Sa'ad Abubakar a kan Fombina, Yusufu Bala Usman a kan Katsina. Daga can ne kuma suka mafi zafi ta taso wa mazhabar Ibadan. Malaman Zariya sun ce 'yan Ibadan sun shagala da sarakuna da manyan mutane don su nuna wa Bature cewa mu ma muna da dauloli, sun manta da manomi da maƙeri da bawa, kuma sun karɓi rabe-raben ƙabila da Turawa suka zana ba tare da sun tuhume su ba. Sukar ta fi kama wasu almajiransa fiye da shi, tunda littafinsa a kan ciniki da bayin da suka zama shugabanni yake. Ko ma dai yaya ne, muhawara ce tsakanin jami'o'in Najeriya biyu, a kan tarihin Najeriya, da hujjoji daga gidan takardu na Kaduna da na Ibadan, abin da ba zai yiwu ba a 1950.

Bayan yaƙi Dike ya tafi Jami'ar Harvard a Amurka, inda ya shugabanci kwamitin nazarin Afirka, a 1973 kuma aka ba shi sabuwar kujerar farfesan tarihin Afirka mai ɗauke da sunan Andrew Mellon. Da mulkin farar hula ya dawo, gwamnatin tsohuwar Jihar Anambra ta Jim Nwobodo ta kira shi gida a 1980 ya shugabanci sabuwar jami'ar fasaha ta jihar, mai rassa a garuruwa daban-daban. Daga cikinta ne daga baya aka fitar da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Inugu da Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka, garin haihuwarsa. Bai ga wannan ba. Ya rasu a Inugu a ranar 26 ga Oktoba, 1983, yana da shekara 65.

Jami'ar Ibadan ta sa wa babban ɗakin karatunta sunansa. Ya bar aiki ɗaya bai kammala ba, nazarin mutanen Aro na Arochukwu, waɗanda suka shimfiɗa hanyoyin fatauci a kudu maso gabashin ƙasar tun ƙarni na 17. Ya daɗe yana tara bayanansa tare da Felicia Ekejiuba, masaniyar al'adu, ita ce kuma ta ƙarasa shi. Littafin ya fito a Ibadan a 1990, shekara bakwai bayan rasuwarsa, da sunayensu biyu a bango.